Mainasara da Koriyar Motar Ustaz

Mainasara ba makanike ba ne, kuma bai taɓa yarda a kira shi haka ba. Sana'arsa saƙar angarib, gadon nan na katako da igiya da ba a rasa shi a kowane gida a Omdurman. Ni Rahmatu, ƙofar gidana tana kallon tasa a hara ta takwas, wato unguwa ta takwas, a Alsawra, shekara ashirin da shida muna haka. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma matarsa Barira ce ta gaya mini.

A Jazira aka haife shi, a kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon auduga, inda ba a rubuta ranar haihuwar kowa. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya tsinkar auduga ya tara na gaba. Bai yi gaba ba. Ɗansa Idirisu, uban Mainasara, ya tashi a gonar, ya tsufa a gonar. Mainasara ne ya ce shi kam ya gaji da sunkuyo, ya hau bayan lori ya sauka Omdurman yana ɗan shekara goma sha tara, ya koyi sassaƙa da saƙa a hannun wani tsoho.

Da ya ɗan samu, sai ya sayi tsohuwar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, don kai wa mutane gadajensu. Sati biyu da sayenta ta mutu masa a kan gadar Farin Nil, da gadaje shida a bayanta. Ya kai ta wajen masu gyara, aka riƙe ta kwana tara, aka dawo masa da ita, washegari ta sake mutuwa. Ranar ya buɗe bonet da kansa ya tsaya yana kallo har azahar.

Daga nan ya fara. Ba wanda ya koya masa, ɓata abu yake yi ya gyara. Ya gane cewa zafin garin nan yana shanye ruwan batir kamar yadda yake shanye na randa, sai ya riƙa tarar ruwan sama da damina a tasar tangaran, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a kwalabe ya jera a ƙarƙashin gado. Barira ta sha faɗa a kan kwalaben nan. In farin gishiri ya taru a kan batir, ruwan zafi da kanwa yake zuba masa, ya goge, ya shafa giris. Filogi kuwa ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya kalli bakin kowane kamar mai duba harshen marar lafiya. In baƙi ne ya jiƙe, ya ɗora shi a garwashin da Barira ke dafa gahawar jabana har ya bushe, ya kankare da burushin waya, ya auna tazarar bakin da guntun zarton ƙarfe da yake ajiyewa a aljihun gaba.

A shekarun da kayan mota suka yi wuya, ana kwana a layin fetur, sabon filogi sai wanda ya san wani, boksin Mainasara ba ta taɓa kwana a hanya ba. Maƙwabta suka lura. Ranar Juma'a da hantsi sai ka ga mota biyu ko uku a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa. Ba ya karɓar ko sisi. In an matsa masa sai ya ce, "Ni mai gado ne. In kana son biyana, sayi gado."

A shekarar 1975 aka saye gidan da ke jikin nasa. Mai gidan, Ustaz Jafaru, malamin makaranta ne da aka ɗauke shi aikin ofis a Khartoum. Ranar da ya tare suka haɗu da Mainasara a bakin ƙofa, suka tsaya suna kallon juna, sannan suka rungume. Ashe gonar uban Jafaru ce Idirisu ya yi wa tsinka shekara talatin. Tare suka yi wanka a magudanar ruwa ɗaya suna yara.

Ustaz yana da koriyar Hilman, mai siririn ƙarfen ado mai sheƙi daga fitila har wutsiya. Son motar nan yake kamar ransa, amma ko inda ake duba mai bai sani ba. Mainasara ya ɗauke ta kamar tasa. Shekara goma sha uku bai bar wani ya sa mata hannu ba. Da amalanken jaki ya goge ta a kasuwa ya lanƙwashe ƙarfen adon gefe, Ustaz ya yi ta yawon neman sabo bai samu ba. Mainasara ya ɓalle ƙarfen a hankali, ya kwantar da shi a kan katako mai taushi, ya yi kwana uku yana bubbuga shi da 'yar gudumar itace da ya sassaƙa don aikin. Maƙalan da suka karye ya yanko wasu daga gwangwanin madara. Da ya mayar, Ustaz ya zagaya motar sau biyu bai gane inda aka taɓa ba.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Kakar Ustaz ta wajen uwa, Gogo Kande, Bahaushiya ce daga kambon su Mainasara. A gidan Ustaz ba a ambatarta, 'ya'yansa ma ba su san sunanta ba. Larabci zalla yake yi da kowa. Amma in su biyu suka sunkuya a ƙarƙashin bonet, ba mai jinsu, sai ya saki 'yar Hausar da ta rage masa. "Miƙo mini wancan abu," ko "Kai, rana ta yi zafi." Mainasara yakan yi dariya ya amsa masa, kuma bai taɓa fitar da maganar ba sai ga Barira.

'Ya'yan Mainasara huɗu, babbarsu Ni'mat. Yarinyar nan kanta yana ja. A 1988 ta zauna jarrabawar shahada ta gama sakandare, sakamako ya fito, ta samu makin da zai kai ta karatun haɗa magunguna a jami'a. Mu matan hara muka yi guɗa har muryarmu ta dushe. Sai aka ce ta kawo jinsiyya, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kafin a rufe rajista.

Mainasara ba shi da ita. Bai taɓa buƙatarta ba, gado ba ya tambayar takarda. Suka je ofishin shi da Ni'mat, suka yi layi kwana biyu. Jami'in ya dubi sunan, ya dubi fuskarsa, ya tambayi ƙabila. Da ya ji, sai ya ajiye alƙalami, don a ƙasar nan duk wanda kakanninsa suka taso daga yamma Fallata ake ce masa.

"Ku Fallata sai an bincika. Ka kawo shaidu biyu da suka san ubanka da kakanka a ƙasar nan."

Ilyasu mahauci, wanda aka haifa a kambo ɗaya da shi, ya rufe teburinsa ya bi su. Jami'in ya ce shaidar Ilyasu ita kaɗai ba ta isa ba, ai duk tafiyar ɗaya ce. A kawo wani sananne, mai aikin gwamnati in da hali, wanda iyayensa ke da gona a can.

Mainasara ya dawo gida yana murmushi. Ya ce wa Barira, "Kwantar da hankalinki. Mutumin da suke nema katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Bayan la'asar ya sa farar jallabiyarsa ya shiga gidan Ustaz. Aka kawo shayi. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ustaz ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Wallahi, ya Mainasara, Ni'mat 'yata ce. Amma shaida abu ne mai nauyi. Rantsuwa ake yi."

"Na sani, Ustaz. Abin da ka sani kawai za ka faɗa. Ka san Idirisu."

"Na san shi yana aiki a gonarmu. Inda aka haife shi fa? Ba a ma haife ni ba lokacin."

"A bayan rumbun babanka aka haife shi. Gogo Kande ce ta yanke masa cibi."

Ustaz ya waiga wajen ƙofar ɗaki, inda matarsa take. Ya rage murya.

"Kada ka kawo sunan nan a gidan nan. Ana duba takarduna yanzu, za a ƙara mini girma. In na sa hannu a fayil ɗinku, wani zai tambaya me ya haɗa ni da ku. Daga tambaya sai tono. Ina da 'ya'ya ni ma."

"Saura kwana goma sha ɗaya a rufe rajista."

"Allah zai kawo wata hanya. Ka yi mini uzuri, ya ɗan'uwana."

Mainasara ya tashi bai taɓa shayin ba. Ustaz ya rako shi har ƙofa yana ta ce masa ya gaida gida.

Mainasara ya tafi Jazira washegari neman dattawan da suka san ubansa. Biyu sun rasu, ɗaya ya makance ya rikice, ɗaya kuma, ƙanen uban Ustaz, ya tafi Kosti wajen 'yarsa ba a san ranar dawowarsa ba. Ya dawo hannu rabbana. Aka rufe rajista ranar Laraba.

Abin da ya faru ranar Asabar shi ne Barira ta mutu ba ta yafe ba. Da sassafe muka ji Hilman tana ƙugi tana shiru, tana ƙugi tana shiru. Ustaz ya fito da kwat da jaka, yana da taro a Khartoum. Ya murɗa makulli har batir ya fara sanyi. Bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ya dai tsaya a gefen motar yana duba agogo. Ina shara a ƙofar gida, na ga Mainasara ya fito da buta a hannu. Ya tsaya. Ya saurari ƙarar sau ɗaya. Sai na ga ya ajiye butar, ya koma ciki, ya fito da jakar sifanunsa.

Ba su gaisa ba. Ya buɗe bonet, ya kwance filogi na uku, ya goge, ya gyara bakinsa, ya mayar. Ya ƙara ɗaure kan batir. Ya yi wa Ustaz alama da hannu, mota ta tashi. Duka bai fi minti goma ba. Ustaz ya buɗe baki zai yi magana, Mainasara ya rufe bonet ya juya.

Ni'mat tana tsaye a bakin ƙofarsu, ta ga komai.

"Baba, motarsa ka gyara?"

Ya tsaya da baƙin mai a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na ji tana wahala ne," in ji shi.

"Ni ba ka ji tawa ba?"

Ta shige ciki. Wata biyar ba ta yi masa magana ba bayan gaisuwa. Ta kai masa abinci ta ajiye, ta ɗauke kwano in ya gama. Barira kuwa ta faɗa masa abin da ke ranta a gabana. Ta ce, "Baban Ni'mat, ubanka ya yi wa uban Ustaz bauta, kai ka yi masa, ka so 'yarka ma ta gani ta koya." Mainasara ya koma kan saƙarsa. Daga baya ya ce wa Ilyasu shi ma bai san me ya kai shi ba, kunnensa ya ji filogi ya jiƙe, ƙafarsa ta tafi. Ilyasu ya ce masa wannan ba hujja ba ce, ya ce ya sani.

Tun daga ranar bai sake buɗe bonet ɗin kowa ba. Masu zuwa ranar Juma'a suka zo sau ɗaya, sau biyu, ya ce musu idonsa ya yi rauni. Wasu suka ji haushi, har da masu cewa girman kai ya shige shi. Cikin duk waɗanda ya yi wa gyara shekara da shekaru, ba wanda ya tambaye shi yadda maganar takardar ta ƙare.

Ustaz ya samu ƙarin girmansa. Aka ba shi motar ofis da direba, ya sayar da Hilman, bayan shekara biyu ya sayar da gidan ya koma hayin Khartoum.

Jinsiyyar ta fito a 1991, bayan tsohon nan na Kosti ya dawo, Mainasara ya ɗauko shi a boksi ya kawo shi ofis ya yi rantsuwa cikin minti biyar. Lokacin Ni'mat ta riga ta kama aiki a wani kantin magani a Umbadda, tana miƙo kwalaye daga kanta, ƙannenta uku suna makaranta da albashinta. Aka ce ta sake zama jarrabawa. Ta ce ta gaji. Ta san sunan kowane magani da aikinsa fiye da mai kantin, mutanen unguwa suna ce mata daktora, ita kuwa ba ta son sunan, takan ce, "Ni mai miƙo kaya ce."

Ta koma yi wa ubanta magana, har takan kawo masa maganin hawan jini ta zauna ta ga ya sha. Amma hirar da suke yi da, ta zauna a bakin gadon da yake saƙa tana karanta masa littafinta yana gyaɗa kai ba tare da ya gane ba, wannan ba ta dawo ba.

Mainasara ya riƙe boksinsa har idonsa ya yi raunin gaske, sannan ya sayar wa wani mai kifi daga Jabal Awliya. Ya rasu a 2001, bayan Barira da shekara ɗaya. Ustaz Jafaru ya zo ta'aziyya da sanda, ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya gaya wa mutanen rumfa cewa bai taɓa yin maƙwabci irin marigayi ba. Ya aiko a ce yana son gaisawa da Ni'mat. Ina kusa da ita a cikin mata. Ta ce a gaya masa ta gode, tana da baƙi.

Tana nan a Umbadda, a kantin nan dai, da mijinta da 'ya'ya uku. Kowanensu tun bai yi arba'in ba ta ɗauke shi a kafaɗa ta je ta yi layi ta karɓo masa takardar haihuwa.