Allunan da Suka Sha Hayaƙin Tsire

Ranar wata Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi, an idar da la'asar. Mu huɗu ne a gaban bangon da ke jikin tukubar tsire ta layinmu a unguwar Briqueterie: ni, da ƙanena mai fenti, da mai tsiren, da wata mata da ke da ɗakin baje zane-zane a gari.

Ƙanena ne ya yi zanen bangon, rago da wuƙa da tsinkunan nama. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, shagunan teloli da na masu aski har cikin kasuwar Mokolo. Yakan yanka siffa a kwali, ya manna a bango, ya fesa fenti da tsohon famfon maganin sauro. Matar ta ce da Faransanci tana son guda biyar irin wannan nan da wata guda. In sun yi mata, za ta rataye su tare da na waɗanda suka yi karatun zane. In ba su yi ba, akwai mai jiran gurbin.

Ta aiko da farin yadi mai kauri, an ɗame shi a katako. Cikin mako ya gama biyu. Na gan su, tsaf suke, kamar hoton kalanda. Da ta zo ta duba, sai ta girgiza kai.

“Ba wannan na gani a bango ba,” in ji ta.

Kwana biyu bai taɓa kwali ba. A na uku muka je sayen tsire, ya tsaya yana kallon ragonsa. Ya shafa bangon, ya dubi tafinsa, baƙi ƙirin da maiƙo.

“Yaya, ashe ba ni kaɗai na yi zanen nan ba,” ya ce mini. “Siminti ya yi nasa, hayaƙi ya yi nasa.”

Mai tsire ya ce, “To ka sa sunana a ƙasa mana, malam mai fenti. Shekara nawa ina yi maka aiki kyauta?”

“Kai ka taɓa riƙe burushi, Baba?”

“Ni da mafici nake nawa.”

Washegari ya sayo allunan katako, ya buga musu ragar waya, ya yi musu shafen siminti da yashi mai tsakuwa kamar na gidajen unguwa. Da suka bushe ya fesa zanensa, sannan ya rataye su a bayan tukubar. Kwana goma suna nan. Mai tsire kan juya su da safe yadda yake juya nama, yana korar masu jingina da su.

Ranar kai su, mai taksi ya ƙi ɗauka sai da muka shimfiɗa buhuna. Ɗakin matar fari ne tas, da sanyin na'ura. Muna shiga ƙamshin ƙuliƙuli ya cika shi. Ta sunsuna, ta yi dariya, ta daɗe a gaban kowane allo. Ƙanena yana ta murza hularsa.

Ta karɓi huɗu. Na biyar ya tsage da motar ta faɗa ramin hanya wajen unguwar Tsinga. Huɗun suka yi mako shida a rataye, kuma ta hana a goge su.