Ƙuli-ƙulin Iya da Jirgin Sojoji

Wata safiyar Laraba ce a farkon shekarar 1969, ba a daɗe da yin ƙaramar salla ba, lallen ƙafata ma bai gama gogewa ba. Ina bakin turke ina zuba wa tumaki harawa, sai na jiyo ƙarar lasifika daga wajen ƙofar gidan maigari. A ƙauyenmu da ke gab da Daudawa mota ba baƙuwa ba ce, saboda manyan motocin da ke zuwa kwasar auduga, amma mota mai magana ba mu taɓa gani ba. Na watsar da harawar na bi sauran yara a guje. Landiroba ce an ɗaura mata ƙaho a ka, ga wani alhaji a tsaye cikin babbar riga sai ƙamshin turare yake, yana bayanin cewa an kafa kwamitin taimaka wa sojojin da ke bakin daga. Kowane gida ya kawo abin da Allah ya hore masa, hatsi ko gyaɗa ko wake, su za su tara su kai.

Mu yara, yaƙin basasa a wajenmu wasa ne. A filin makaranta maza kan sassaƙa bindigogin kara su yi ta maci suna rera waƙoƙin soja, mu 'yan mata mu bar carafke mu koma masu jinya, muna ɗaure musu kai da ganyen rogo. Kullum sai an yi faɗa kafin a fara, domin ba wanda yake yarda ya zama ɗan tawaye. A cikin gidanmu kuwa yaƙin ba wasa ba ne. Baba Sada, ƙanen mahaifina, autan kakata Iya, ya ajiye garma ya shiga soja tun daminar da ta wuce. Shi ne mai goya ni a wuya zuwa kallon dambe, shi ne mai kamo mana fara a gonar dawa. Tun da jirgi ya ɗauke shi zuwa kudu, Iya ba ta ƙara kai loma baki ba sai ta ambaci sunansa.

Duk da haka ban taɓa ganin hawayenta ba. Da rediyo take huce haushinta. Da la'asar idan mahaifina ya kunna akwatinsa a tsakar gida don jin labarai, sai ta jawo tabarma bakin ɗakinta da mazari a hannu, tana kaɗi tana mayar wa mai labarai martani kamar yana gabanta. In ya ce an kusa gama yaƙi, ta ce, "Bara ma haka kuka ce." In ya ce shugabanni sun yi taro a wata ƙasa, ta ce, "Allah ya sa sun ci sun ƙoshi." Amma da zarar an sa taken ƙasa, sai ta dakatar da mazarin, duk jikan da ya yi motsi kuwa ya sha ranƙwashi. Na taɓa tambayarta ko tana son gwamnati ko ba ta so. Ta dube ni ta ce, "Ke Indo, ƙasa daban, masu babbar riga daban."

Da na dawo gida da labarin Landiroba, tambaya ɗaya ta yi mini, ko alhajin yana da haƙorin Makka a gefen hagu. Na ce yana da shi. Ashe ta san shi tun zamanin jam'iyyu, kafin soja su karɓi mulki. Shi ya zo ya yi alkawarin rijiyar siminti, aka jefa masa ƙuri'a, ya aiko da tifa guda ta yashi, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A kan tsibin yashin nan muka tashi muna alkafura. Nan take Iya ta ce ko ƙwayar gyaɗa ba za ta fita daga rumbunta zuwa motarsa ba.

Hankalin mahaifina ya tashi, domin lokacin soja ne, kuma kalma ɗaya ta isa a ce gida kaza ba ya goyon bayan ƙasa. Da gidaje suka gama kaiwa aka ga babu namu, maigari ya aiko kiransa. Iya ta ce ya zauna, ta yafa gyautonta ta riƙe hannuna muka tafi. Ta durƙusa a bakin zaure ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ɗa na ba ƙasar nan, to mi za ya hana in ba ta gyaɗa? Zan bayar, har in hi kowa. Amma da hannuna zan sa a hannun soja." Alhajin ya fara faɗan cewa komai da tsarinsa, maigari ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Sai da na girma na gane dariya yake ɓoyewa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma kamar gidan biki. Aka fasa rumbun gyaɗa, mu yara muka zauna ɓara har yatsunmu suka yi kanta, muna yi muna cika baki a ɓoye. Mahaifiyata da matan maƙwabta suka soya, suka murje, suka sheƙe, aka yi ta luguden daka ana waƙa, har tunkuza ta saki mai. Iya ce ke zaune gaban kasko, ita ke sa gishiri da yaji, ita ke duba kowane mulmule. Wanda ya yi ƙarami ta mayar, wai soja ba jariri ba ne. Matan da suka riga suka ba kwamiti ma sai ga su da 'yan ƙullin dakuwa da barkono a bakin zane, domin akwai masu ɗa ko ƙane a can. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya kama unguwa, kaji da awaki suka hana mu sakat.

Motar auduga muka hau zuwa Funtuwa, ni da Iya da mahaifina, muna zaune can ƙololuwar buhuna, ina riƙe da igiya ina ihun murna duk sanda aka faɗa rami. Wannan ce fitata ta farko daga ƙauye. A hanyar tashar jirgi Iya ta tsaya gaban wani shago da ke garƙame, ta ce na wata matar Ibo ce da take sayen atamfa wurinta kafin rikici ya kore su. Ta ce matar ma wataƙila tana can tana jiran nata ɗan. Ta yi mata addu'a muka wuce.

Rana ta take sosai kafin jirgin Gusau ya shigo yana huci. Taragun baya cike suke da sojoji sababbin ɗauka, samari masu askin ƙwal-kwabo, wasu ba su fi yayana girma ba. Iya ta kwance bakin buhu ta bi tagogi, mu muna miƙa mata tana cusa musu a hannu, a hula, a aljihu. Kowa ta ba sai ta ce, "In ka ga Sada na Daudawa, dogo mai wushirya, ka ce mashi uwarshi na nan lahiya." Suka ɗauka da sowa, tarago guda yana amsawa, "Za mu gaya masa, Iya!" Wani kofur da ba ya jin Hausa sosai ya ƙame ya sara mata, ita ma ta ɗaga hannu ta mayar masa, tasha ta kwashe da dariya. Jirgi ya fara tafiya mahaifina na bin sa da gudu yana jefa ragowar ta taga, har takalminsa ya fita.

Bayan an gama yaƙi Baba Sada ya dawo, ya rame, kunnensa ɗaya ba ya ji, amma da ƙafafunsa ya shigo. Da aka natsa Iya ta tambaye shi ko saƙonta ya iske shi. Ya yi dariya ya ce sojan ai ba su ƙirguwa, bai ga ko ɓarɓashi ba. Ta ce ba komai, ɗan wata ya ci. Buhunan kwamiti kuwa har yau ban san inda suka kwana ba. Ita ma ba ta taɓa cewa an ci ba, cewa take ba ta gani ba. Da kuɗin fetur suka zo, aka shiga zuba kwalta da gina azuzuwa, ta tura jikokinta makaranta kaf, har da waɗanda iyayensu ke noƙewa, tana yi tana mita cewa rabin simintin ya bi wata hanya.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. A da, mace da jikarta za su hau bayan mota su ratsa daji ba abin da suke tsoro sai rami. Yau in jikana zai je Sabuwa ko Ƙanƙara, ina riƙe da waya har sai ya ce ya sauka, gonakinmu na nesa kuma ciyawa ta cinye su. Yaƙin da muke ji daga nesa ya zo bakin ƙofa, masu alkawari kuma ba su ragu ba. Nakan yi kewar zamanin da tsohuwa za ta faɗa wa manya gaskiya a zaure, ta koma gida ta yi barcinta. Ƙasar dai tamu ce, ba mu da wata.