Mai Tabon Ƙuna a Tashar Wudil

Hidaya na zaune a gidan gaba tana jiran motar Kano ta cika, idonta na kan wani dattijo mai tabon ƙuna daga wuya har kunne. Yana tsaye bayan wasu samari da suka haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon tseren motocin Turai.

A cikin wayar, wata mota ta daki katanga, ta kama da wuta.

"Ka gani ko? Yanzu za su tsayar da wasa," in ji mai wayar. "Dokokin nan sun kashe tsere. Har ƙarfe suka kafa wa direba a ka, sai ka ce kejin kaji!"

"Haba Muhsin, ba don ƙarfen ba ai da kan ya fita," in ji wani daga cikin samarin.

 Dattijon ya damƙe makulli a hannu, leɓɓansa na motsi. Zuciyar Hidaya na raya mata ba yau ya fara tsayawa gaban wuta yana jiran wani ya fito ba. Ko ɗansa ne, ko fasinja, Allah masani.

Can sai ga direban ya ratso hayaƙi da ƙafarsa. Samari suka ɗau ihu. Dattijon ya sauke numfashi, ya nufo motar da Hidaya take ciki. Ashe shi zai ja su.

Ya dubi matar da ɗan kamasho ke shirin cusawa a gefen Hidaya.

"Hajiya, yi haƙuri, shiga ta baya. Yau gaba mutum ɗaya ne." Ya zaro bel daga bayan kujera. "Ɗaura, 'yata."