Golmon da Ishaya Bai Gama Ba

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanena Ishaya a Dabai. Ni dillalin janareto da wayar lantarki ne a kasuwar Zuru. Shi malamin kimiyya ne a jami'a, kayan aikinsa allo da alli.

Akwai wasu sinadarai da in aka sanyaya su ƙwarai, wuta ke ratsa su ba ta raguwa, su kuma ba sa ɗaukar zafi. Wasunsu masana sun gano dalili. Wasu sun ƙi bin ƙa'idar da aka sani, kuma a kansu Ishaya ya ƙarar da rayuwarsa. Na taɓa tambayarsa yaushe wayar da aka yi da su za ta iso shagona. Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, golmo nake yi."

A ƙasarmu golmo shi ne saurayi ya yi shekaru yana nome gonar surukai kafin a ba shi mata. Na ce masa mai golmo ya ga yarinyar da idonsa, ya kuma san ranar gamawa. Ya ce ba komai, ɗalibansa za su ɗauko amaryar.

Ɗaliban nan na san inda suke. Wani ya shiga soja, wata tana aikin banki. Markus kaɗai ya tsaya, wanda Ishaya ke cewa ya fi shi kai. Ya jure yajin aiki, ya jure ofis babu wuta. Bana da damina sai ga shi a shagona.

"Baba, na ji kana neman mai riƙe maka shagonka na garin Danko."

"Binciken fa?"

"Yarana uku, Baba."

Da Ishaya na raye da ya roƙe ni in kore shi ya koma allo. Na san in na ɗauke shi, babu wanda zai sake shiga gonar nan. Na ɗauke shi. Rashin wuta ke ciyar da ni, yanzu shi ke ciyar da shi, kuma ban ga alamar kasuwarmu za ta mutu ba.

Me ya rage na ƙanena? Ba yawa. In Markus ya tayar da janareto don gwaji, yakan ɗora yatsa a kan waya, ya tsaya yana jin ɗuminta. Haka Ishaya ke yi in ya zo hutu. Sai mai saye ya yi gyaran murya, Markus ya janye hannu, ya faɗi farashi.