Mai Takobi a Tashar Silver Spring

Sailuba na jiran bas a tashar Silver Spring, amma idonta na kan wata doguwar budurwa mai baƙin ɗankwali, sanye da farar rigar wasan takobi. Kwalin da ke jingine a ƙafarta na cewa jami'arsu za ta rufe ƙungiyar wasan saboda ƙarancin kuɗi, suna neman taimako.

Duk wanda ya nufo ta, sai ta miƙa masa takarda da sauri, kamar mai kai suka. Yawanci kaucewa suke yi. Ita kuma sai ta ja da baya taku ɗaya, ga shi har bayanta ya taɓa bango.

Wayar budurwar ta yi ƙara. Da ta ɗauka, Sailuba ta ji Hausar Maraɗi a bakinta.

"Lafiya lau, Baba. Ina lakwal, wajen darasi. Kuɗin karatuna na nan, ba abin da ya taɓa shi."

Wataƙila, in ji Sailuba a ranta, takobin nan ke biya mata makaranta, makarantar kuma ke riƙe da bizarta. Zama ya gagara, komawa gida ma ta gagara.

Budurwar ta share ido da safar hannunta, ta gyara tsayuwa, tana jiran mutum na gaba.