Lofen da Nomau Bai Kunna Mini Ba

Shekara tara ke nan a wannan damina da muka kai Nomau makwancinsa, a wata 'yar unguwa da ke yamma da Wagini. Ba jaridar da ta buga rasuwarsa, kuma ba dalilin da zai sa ta buga. Manomi ne, yana kuma gina lofe na yumɓu, wanda tsofaffinmu ke ce wa tukunyar taba, ya kai kasuwar Batsari ya sayar. Aminina ne tun muna kiwon awaki. Na yi boko, na zama malamin gona, na zaga inda aka tura ni, na yi ritaya, na dawo na same shi inda na bar shi. Yau ina zaune a Safana, a ɗakin zauren gidan 'yata, kuma a kan taga akwai lofe na ƙarshe da ya gina. Don ni ya yi shi. Ya ce shi zai kunna mini, bai samu dama ba, ni kuma duk tsawon shekarun nan ban sami wanda zai yi mini ba.

Kada wani ya ce tsoho ya shigo jarida yana tallar taba. Taba ce ta cinye ƙirjin Nomau, na ji tarin da kunnena, na riƙe masa kwano yana tofarwa. Shi kansa bai taɓa yaba ta ba. Duk wanda ya tsuguna gabansa ya ce yau zai fara, abin da yake fara ji shi ne, "In ba ka fara ba, tashi ka tahi, ka sayi rogo ka kai gida." Sai wanda ya nace yake saurara.

Gidan Maguzawa ya fito. Ya musulunta bayan ya yi aure, aka sa masa Abdullahi, amma har limamin da ya raɗa sunan Nomau yake kiransa. Idan ciniki ya yi zafi sai ka ji ya ce "Aradu!", ya yi sauri ya bi da istigfari, mu yi ta dariya. Liman ya sha yi masa wa'azi a kan taba. Yakan sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, Allah ya shirye mu, kuma ba da ba'a yake faɗa ba.

Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buhu a gefen masu tukwane ya jera kayansa. Na zauna kusa da shi sau da yawa, kuma ban taɓa ganin sabon shiga da hannunsa bai fara zuwa kan mafi girma mai zane ba. Nomau sai ya ɗan buge hannun.

"Aje wanga, na masu kallo ne. Kai da ba ka taɓa zuƙa ba, in ka cika wagga tukunya, kahin ka kai rabi ƙasa ta juya da kai, ka maido tuwon jiya gaban mutane."

Sai ya zaɓo ƙarami, wanda bakinsa bai wuce ɗan yatsa ya shiga ba, mai kaurin jiki. Yana cewa mai siririn jiki ya fi kyau a ido, amma yakan yi zafi ya ƙone hannu, kuma ba ya daɗewa. Zai ƙwanƙwasa tukunyar da farce a kusa da kunnen mai saye, kamar yadda mata ke gwada tulu. In ta yi ƙara garau, ta gasu. In ta yi gum, akwai tsaga a ɓoye ko wuta ba ta ratsa ta ba, sai ya ajiye ta gefe ko da shi ya gina ta. Daga nan ya ce a zuƙa ba taba a ciki. Iska ta shigo a sake, kada ta yi fito, kada kuma mutum ya ja har kumatunsa su lotsa. Sandar zuƙa ta zama miƙaƙƙiya, ta ɗan wuce taƙi guda, don hayaƙi ya huce kafin ya iso harshe, kuma tsinke ya iya ratsa ta in ta toshe. Ba ya ba sabon shiga lanƙwasasshiya, ya ce tana tara ruwan taba mai ɗaci, ranar da ya zubo maka a baki sai ka tsani kanka. Akwai kuma maganar cikawa: rabi-rabi a kwanakin farko, har cikin ya yi baƙi, kuma kada a kankare baƙin, kada a buga lofe a dutse don fitar da toka.

Duk wannan wani mai sana'ar zai iya gaya maka. Abin da ya bambanta Nomau tambayar ƙarshe ce, bayan an zaɓa an gama, mutum ya sa hannu a aljihu.

"To, da wa za ka sha?"

Na tuna wani Bafulatani mai kiwo, dogo, da sandarsa a kafaɗa, da ya amsa da cewa da shanunsa zai sha. Nomau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya karɓe lofen ya mayar kan buhu, ya ɓara goro ya ba shi rabi. "Saniya ba ta miƙa wuta, Ɗan Fulani. Tahi ka samo mutum." Mutumin ya tashi da fushi. Kasuwa ta zagayo sai ga shi da kawunsa, wani tsoho mai ido ɗaya, aka sayar masa.

Al'adar gidansu ce tun kakanni. Sabon lofe ba a fara shi da ashana. Wani ne zai ɗebo garwashi da hannunsa, a kan tsingaro, ya ɗora maka, ya zauna tare da kai har wutar ta mutu. Na taɓa tsokanarsa na ce wannan ragowar tsafi ce. Ya ce ba tsafi a ciki. Ya ce ya lura mai sha shi kaɗai ba ya tsayawa, yana kashe wannan yana cika wancan, taba na cin ƙirjinsa, tunani na cin kansa. Wanda ke da abokin zama kuwa, lofen na mutuwa a hannunsa ana hira, bai ma sani ba. Ban ce wannan ya cece shi ba, don bai cece shi ba. Amma na yarda da rabin maganar da ya shafi tunani, yanzu ma na fi yarda.

Bayan gidansa akwai wani falalen dutse da ke kallon gonakin dawa. Can muke zama bayan La'asar har a kira Magariba. Matarsa Kande ta san lokacin, takan bar masa garwashi a murhu ko da ta gama girki. Sau da yawa ba ma cewa komai. Ya nuna mini hadari da haɓa, in gyaɗa kai. Wani lokaci mu yi musu a kan takin zamani, ya ce mini, "Malamin gona, gonarka ta takarda ba ta taɓa yin fari ba." Ban san wannan zaman wani abu ba ne sai da ya ƙare.

A bazarar shekarar da ya rasu, tsohon lofena ya faɗo daga aljihu ina hawa babur, ya rabu biyu. Lokacin tarin ya riga ya kama shi sosai, ya daina zuwa kasuwa. Duk da haka ya sa aka kwaɓa yumɓu, ya ɗebi curi ya sa mini a tafin hannu ya ce in matsa. Da wannan curin ya gina, shi ya sa har yau akwai gurbin babban yatsana a gefen tukunyar. Kande ta gasa shi tare da tukwanenta. Ranar da ya miƙo mini yana kwance a tabarma, ya riƙe hannuna.

"Kar ka kunna shi. Bari ƙirjin nan ya sake ni, ni zan ba ka wuta."

Ƙirjin bai sake shi ba. Ya tafi kafin a yanke gero.

Ban yi wani alwashi ba, jira kawai na ci gaba da yi, ban san ko na mene ne ba. Surukina ya taɓa ganina ina juya lofen a hannu, ya ciro ashana cikin ladabi ya miƙo. Na yi godiya na ce ya bari. A haka sha'awar tabar ma ta fita daga raina, likita ya ce na yi wa kaina gata. Tsofaffin da suka san al'adar suka yi ta raguwa. Daga baya kuma abin da ya sami ƙasarmu ya same mu. Ɓarayin daji suka hana noma, suka hana barci, unguwar ta watse gida-gida. Kande ta koma wajen 'yarta a Katsina, can ta rasu. An ce mini ciyawa ta rufe hanyar falalen dutsen. Kabarin Nomau ma ban iya zuwa in tsaya a kansa ba, daga nan nake yi masa addu'a.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarin da ke zagaye tulun shisha suna miƙa wa juna, ina jin zai yaba zaman ya kushe hayaƙin, ya ce taba mai ƙanshin alewa ta yara ce. Masu sayen karan sigari ɗaya su zuƙe a tsaye, ido na kan waya, waɗannan tausayinsu zai ji. Abin da ba zai fahimta ba shi ne a ce mutum na da gona, ruwa ya sauka, kuma bai isa ya je ba. Na san halinsa, da ba zai yarda ya taso ba. Wani lokaci nakan gode wa Allah da ya ɗauke shi kafin wannan, sai kuma in ji haushi ya bar ni in gani ni kaɗai.

Ba a wulaƙanta ni a Safana. 'Yata na kula da ni, jikoki na gaishe ni safe da yamma, akwai majalisa a ƙofar masallaci inda ake maganar siyasa da wanda aka sace da wanda aka sako. Amma duk garin ba wanda ya san ni ba gemu. Kaɗaici nake ji, kuma ya fi tsanani bayan La'asar.

Kwanan baya Sani, babban ɗan Nomau, ya zo ɗaurin aure Batsari, ya hau babur ya iso gaishe ni. Magidanci ne yanzu, har da furfura, yana walda a Abuja, iyalinsa na Katsina. Muka gaisa, muka bi gida-gida muna tambaya, da masu rai da waɗanda suka riga mu. Sai ya ciro waya ya nuna mini hotunan lofe na katako na ƙasar waje, masu sheƙi, wasu a lanƙwashe.

"Baba, kwana biyu ina yawan tuna shi. Ƙanshin nan nake so in ji. Wanne zan saya? Kai ka san abin da yake dubawa."

Na fara da abin da uban ke farawa, na ce in bai fara ba ya sayi rogo. Ya yi dariya, dariyar uban sak. Da ya nace, na gaya masa sauran: ƙarami, mai kauri, miƙaƙƙe, ba mai zane ba. Na ce ban san katako ba, kuma ba a ƙwanƙwasa hoto, ba a zuƙa shi. Idonsa ya kai kan taga. Ya gane aikin ubansa, ya ɗauka da hannu biyu, ya leƙa ciki ya ga jan yumɓu tas.

"Wannan fa, Baba?"

Tambayar ta fito daga bakina ban shirya ba. "Da wa za ka sha?"

Ya ce ɗaki ɗaya yake haya a bayan gari, in ya tashi aiki sai shi sai waya. Na ce to ba zan ba shi ba, kuma kada ya sayi na wayar, ubansa ba zai sayar masa ba. Ya gyaɗa kai, ya sake duba cikin lofen.

"Kai fa, Baba? Da wa kake sha?"

Na ba shi labarin curin yumɓu da maganar tabarma, wanda bai taɓa ji ba. Ya tashi ya yi sallama ya shiga cikin gida. Na ji yana magana da 'yata. Can sai ga shi ya fito da garwashi ɗaya a kan murfin tukunya, don ba tsingaro a gidan. Ya tsuguna a gabana.

Ba taba a gidan, ko ɗaya, kuma ko da akwai ƙirjina ba zai ɗauka ba. Ya ɗauki garwashin da tsinke biyu ya sa a cikin lofen haka nan, ba komai a ciki. Na riƙe, yatsana a gurbinsa. Ɗumi ya ratso yumɓun a hankali, bai ƙone ni ba, Nomau ya yi masa kauri yadda ya kamata. Sani ya zauna a gefen tabarma. Muna nan tare har garwashin ya zama toka, ni kuwa hawaye na zuba, ban share ba. Kafin Magariba ya tashi, don ba a bin hanyar Batsari in rana ta faɗi.

Da Nomau na nan zai ce wannan ba shan taba ba ne, kuma da gaskiyarsa. Lofunan da ya sayar duk sun farfashe, gidansa ya zama kango, sana'ar ta bi shi. Abin da ya rage tambaya ce guda, kuma na ga ta yi aiki a kan mutum biyu a zama ɗaya. Sani bai sayi na wayar ba. Allah ya jiƙan Abdullahi Nomau, ya yafe masa tabar da rantsuwar, ya ba shi abokan zama inda yake.

Lofen ya koma kan taga. A ƙasan tukunyar yanzu akwai baƙin tabo kamar ƙwayar wake. Bayan La'asar nakan sauko da shi in leƙa, kuma ban kankare ba.