Darbejiyar da Kaka Ya Dasa

Mai zanen hoton nan na unguwar Gwallaga yana yaye ƙyallen da ya rufe hoton da shi, Umma ta dafe ƙirji. Zanen marigayi kakana muka sa shi ya yi, amma babu Kaka a ciki. Darbejiyar ƙofar gidanmu ce kawai, ga buzunsa, ganye na zubowa a kai.

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na ji bakina ya ce, "Baba, ina Kakan?"

Mai zanen ya ce, "'Yata, ba na zana fuska. Ba shi ya dasa bishiyar ba? Ya tafi, tana nan tana yi muku inuwa."

Umma ta rungume zanen tana hawaye.

Duk littattafan soyayyar da na karanta, babu wanda ya tayar min da tsikar jiki haka. Ku fa, wa ya bar muku inuwa?